Safiya Guda da Muka Ɗauko Daga Badun

Muna tsallaka iyaka a Ɗan Barto na gane karatuna ba zai amfane mu ba. Gwaggo Hassu ta nuna min wani allo a bakin hanya ta ce in karanta mata. Haruffan duk na san su, amma ban san me suka haɗu suka faɗa ba. Ingilishi ne, mu kuwa Faransanci ake koya mana a kolej.

"To, madalla," in ji ta. "An ce in tafi da ke don ke ce mai boko. Ashe ni da ke duk ɗaya ne."

Na kawar da kai daga allon. Da ma ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in na san amsa sai in rubuta ta a tafin hannuna in jira wata ta faɗa.

Gwaggo Hassu yayar Babana ce. Baba yana zuwa cin rani Badun kowace shekara, yana gadin wani sito na kayan gini, in damina ta kusa ya dawo Matameye ya yi noma. A wannan shekara bai dawo ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a can, Allah ya karɓi abinsa, mutanen garinmu da ke unguwar Sabo suka yi masa sutura. Mu sai labari muka ji ta salula.

Ba mu da hotonsa. Baba ba ya son a ɗauke shi; in aka ɗaga salula sai ya kawar da kai yana murmushi. Akwai na jikin katin shaidarsa, amma gumi ya cinye shi, sai hula da inuwa. Ƙanena Sani bai cika shekara uku ba, duk namijin da ya yi sallama da farar hula sai ya ruga ya ce Baba.

Bayan rasuwar, Malam Ilu ya kira Innata. Shi dattijo ne mutumin Tsauni, tare suke gadi da Baba. Ya ce a ƙofar siton akwai kyamara, kuma Baba yana cikin na'urar da ke ajiye hotunan, yana tafiya da ƙafafunsa. Ya ce na'urar ba ta da babban ciki, in sabon hoto ya shigo sai ta goge mafi tsufa. Baba kuwa ya daɗe a kwance kafin ya cika, don haka abin da ya rage nasa ɗan kaɗan ne. Ya roƙi manajan wurin a nuna masa, manaja ya ce nan ba gidan kallo ba ne.

"Na tsayar da ita," in ji Malam Ilu. "Kada ku tambaye ni yaya. Amma ba zan iya riƙe ta da daɗewa ba, an kira mai gyara, ranar Laraba zai zo. A turo wani na jininsa. Wataƙila in sun ga iyali su ji kunya."

Inna tana takaba, ba ta fita. Da za mu tafi ta kama hannuna a bakin ɗaki, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Salamatu, ki dubo min shi." Abin da ta ce ke nan.

Mun isa Kano ranar Lahadi da yamma, muka kwana gidan wata 'yar Matameye da ke aure a can. Da safe muka tafi tashar motocin kudu. Ban taɓa ganin mutane masu yawa haka suna sauri ba tare da ana bin su ba. Wani mutum mai jar riga ya fizge jakar Gwaggo kafin ta buɗe baki.

"Badun? Hajiya, ku Allah ya yi wa arziki! Mutum biyu kacal suka rage, kuna shiga za a tashi."

Gwaggo ba ta je Makka ba, amma na ga Hajiyar ta yi mata daɗi. A gefe ga wata motar ana ɗaure mata kaya a sama, amma ta mai jar riga ta fi kyau, kuma a cike take. Muka biya, muka shiga.

Ina zama na fara lura. Mutumin da ke gabana ba shi da ko leda. Na kusa da shi silifas ɗin wanka ne a ƙafarsa. Wani kuma sai leƙen teburin mai shayi yake, inda aka bar wani kofi rabi da burodi a kai. Duk lokacin da fasinja na gaske ya zo da kaya, sai ɗayansu ya miƙe ya ce zai kama ruwa, ba ya dawowa. Na gane an zaunar da su ne don motar ta zama kamar ta cika. A lokacin ɗayar motar ba ta tashi ba. Na buɗe baki, na kalli mai jar riga, na rufe. Na ce a raina wataƙila ni ce ban san yadda ake yi a birni ba.

Ɗayar motar ta tashi muna kallo. Tamu ba ta motsa ba har magariba, aka ce sai gobe. A tasha muka kwana a kan buhunan wani mai albasa.

Da asuba na gaya wa Gwaggo abin da na gani. Ta juyo ta kalle ni.

"Kin gani da idonki?"

"Na gani."

"Kika yi shiru?"

Na sunkuyar da kai.

"Wannan bakin naki na ado ne? Haka ubanki yake. In an taka masa ƙafa shi ke ba da haƙuri." Sai muryarta ta karye a kan kalmar ubanki. Ta juya ta shiga daidaita ɗaurin ɗankwalinta wanda bai kwance ba.

Ranar Talata muka tashi. Bayan Kaduna ƙasa ta fara canza launi, daga fari zuwa ja. Itatuwa suka yi ta ƙaruwa har na daina ganin inda sama ke haɗuwa da ƙasa. A gida in ka tsaya a bayan gari kana hango mai keke tun yana kamar ƙuda. A nan daji ya rufe ko'ina, na ji kamar an sa ni cikin randa. Na tuna a wannan lokacin Inna tana dama fura, Sani yana riƙe da gefen ƙwaryar. Na tuna bencina a aji, na uku daga taga, da wadda za ta zauna a kai.

Hanyar duk ramuka ce. Na yi amai har cikina ya ƙare. Wata mata da ke bayanmu, mai sarƙar giciye a wuya, ta taɓa kafaɗata. Ta ɓare lemo ta miƙo min ɓawon, ta nuna min in riƙa shinshinawa. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Da sanyi ya sauko ta cire wani zane daga jakarta ta rufa min. Ta sauka a wani gari bayan mun haye babbar gada, ina barci, ta bar min zanen. Har yanzu yana cikin akwatina. Ban san sunanta ba.

A shingayen hanya sai a haska fuskokinmu a tambayi takardu. In suka ga katin Gwaggo na Nijar sai a ce ta sauko. Tana sauka tana faɗa, tana dawowa tana faɗa. Ni dai ina ta duban sama ta taga, ina tunanin Laraba tana tafe, ba ta tsayawa a shinge.

Gari ya waye mana a Badun. Abin da na fara gani rufin kwano ne masu tsatsa, tudu bayan tudu, duk sun jiƙe. A can damina ta riga ta sauka, alhali a Matameye ko hadari ba a fara ba. Wani ɗan garinmu ya tarye mu, ya sa mu a kan babura biyu har ƙofar siton.

Kyamarar na fara nema. Tana saman ƙofa, fara, kamar ƙoƙon da aka kife. Wata shuɗiyar waya guda ɗaya ta fito daga bayanta ta bi katanga. Na hango wasu kyamarorin a kusurwoyi, kowace da irin wannan waya, duk sun nufi ɗakin gadi.

Malam Ilu ya fito. Doguwar rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa sun yi ja sun faɗa. Daga baya na ji cewa tun da kyamarorin suka mutu, shi da sauran masu gadi 'yan ƙasarmu suke zagaye siton da ƙafa dare da rana, don kada ko ƙusa ta ɓace a ce saboda haka ne. Ya yi mana gaisuwa, muka yi masa. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyar Idi ce. Ga goshin nan." Sannan ya rage murya. "Kun makara kaɗan. Mai gyara yana ciki, manaja ma yana ciki."

Ɗakin gadin ƙarami ne. A lungu an ɗaure kayan Baba cikin tabarmarsa: buta, rediyo, takalmin roba, da riga biyu. Gwaggo tana ganin butar ta durƙusa ta rungume ta, ta fara kuka irin wanda ba ta yi ba tun daga gida. Ba ta ƙara ganin kowa a ɗakin ba.

Ni na ga sauran. A jikin bango akwai wani baƙin akwatin ƙarfe, bai fi allon karatu girma ba, da ramuka a jere, kowane rami da shuɗiyar waya a ciki. A gabansa wani mutum ya tsuguna da jakar kayan aiki, da fensir a bayan kunne. Manaja na tsaye a bakin ƙofa da mabuɗai a hannu yana duban agogo. Mai gyaran ya bi baƙar wayar wutar akwatin da yatsa har bayan kabad, ya jawo ta. Kanta a cire yake, an naɗe shi da tsumma mai tsabta, an ɗaure da zare. Ya kwance tsumman, ya juya kan wayar, ya shinshina, ya yi 'yar dariya. Ya ce wa manaja wani abu da Yarabanci. Ya miƙa hannu wajen soket.

Na dubi Malam Ilu. Leɓensa na motsi amma ba sauti. In ya yi magana, ya tona kansa a gaban manaja. Na dubi Gwaggo, fuskarta na cikin tabarma. Na tuna motar da ta tashi a Kano muna kallo.

"Don Allah kada ka sa!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Kowa ya juyo. Mai gyaran ya tsaya da hannunsa a sama.

"Me ya sa, ƙanwata?" Hausarsa tana da karin Yarabawa amma a fili take. Sunansa Rashidi, a Sabo ya tashi.

"Babana yana ciki," na ce. "In ka sa, za ta goge shi."

Sai maganar ta ƙi tsayawa. Na faɗa masa daga inda muka zo. Na faɗa masa Inna na takaba, da katin da gumi ya cinye, da Sani da fararen huluna. Ina yi ina kallon takalminsa, don ban iya kallon fuskarsa ba.

Rashidi ya ajiye wayar a ƙasa a hankali. Ya tambayi yaushe Baba ya daina zuwa aiki, yaushe kuma kyamarorin suka mutu. Malam Ilu ya gyara tsayuwa.

"Ba mutuwa suka yi ba. Ni na cire. Ran da muka dawo daga maƙabarta."

Manaja yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya fara ɗaga murya, rabi Ingilishi rabi Hausa, yana nuna Malam Ilu da mabuɗi. Shi a zatonsa tsawa ce ta ƙona akwatin. Malam Ilu bai kare kansa ba. Ya ce kawai, "A wurinmu kayan mamaci ba a taɓa su sai iyalinsa sun zo. Na ga wannan ma kayansa ne."

Rashidi ya dube shi. "Dattijo, wa ya nuna maka nan za ka cire?"

"Kai ne. Bara, da siminti ya ɓace aka zo nema aka tarar ta goge. Ka ce wannan akwatin shi ke ciyar da su duka."

Rashidi ya girgiza kai. Ya juyo gare ni, kamar yana so in fahimci abin da aka yi mana. Ya taɓa akwatin. "Wannan sunansa suwic. Kin ga kyamarorin nan ba wadda ke da tata wayar wuta. Shuɗiyar nan guda ɗaya ita ke kai mata wuta daga nan, ita ce kuma ke dawo da hoto. Daga nan hoton ke wucewa ofis, wajen rikoda, na'urar da ke ajiye shi. Rikoda tana kulle, dattijo ba ya iya kai mata. Amma da ya cire wannan, duk kyamarorin suka yi barci lokaci guda. Ba sabon hoto, ba dalilin goge tsoho."

Ya miƙe ya ja manaja waje. Sun daɗe suna magana da Yarabanci. Ban ji ko kalma ba, amma na ga Rashidi ya nuna Gwaggo da ke durƙushe, na ga manaja ya kalle ta ya kawar da kai, ya sosa ƙeya da mabuɗi. Daga ƙarshe ya wuce gaba ba tare da ya ce mu biyo shi ba. Muka bi shi.

Ofishin yana da sanyi har haƙorana suka fara haɗuwa. Rashidi ya kunna talabijin ɗin da ke haɗe da rikoda, ya yi ta komawa baya. Ranaku suka wuce ba Baba, sai wani a kan bencinsa. Ya kai ƙarshen abin da ke ciki.

"Safiya ɗaya ta rage," ya ce. "Da na sa wayar nan na tafi, kafin la'asar babu ita."

Hoton ba shi da sauti. An ɗauke shi daga sama. Ga ƙofa, ga benci, ƙasa ta jiƙe da ruwan sama. Sai ga farar hula ta shigo daga gefe.

Tafiyar na fara ganewa. Baba yana ɗan jan ƙafar hagu tun da amalanke ya taka shi. Ya share bakin ƙofa. Ya buɗe wa wata babbar mota. Ya zauna ya karya burodi, ya jefa wa wata kyanwa gutsure. Ya dafa goshinsa da bayan hannu ya daɗe a haka; zazzaɓin ya riga ya fara. Amma fuskar ba ta fito ba. Kansa a sunkuye yake, kamar kullum. Hula kawai da kafaɗu.

"Ɗago mana, Idi," in ji Gwaggo, tana magana da talabijin. "Kai ko a nan ma sai ka yi mana kunyar taka?"

Akwai wani ɗigon ruwa a gilashin kyamarar da ya dusashe gefen hoton. Baba ya miƙe zai shiga ɗaki, sai ya tsaya. Ya jawo benci zuwa gindin ƙofa. Ya hau. Fuskarsa ta taso ta cika talabijin ɗin gaba ɗaya: furfurar gemunsa, tabon da ke gefen hancinsa, idanunsa da ya ɗan runtse. Ya hura wa gilashin iska, hoton ya yi fari. Sannan ya sa hannun rigarsa ya goge, ya sake gogewa, ya ja baya kaɗan ya duba ko ya fita. Ya gyaɗa kai. Ya sauka.

Manaja ya fita ya bar mana ofishin.

Rashidi ya kwafe safiyar ya sa a salular Gwaggo, ya kuma sa a wani ɗan katin ajiya nasa ya ba ni, ya ce in ɓoye daban ko salula za ta faɗa ruwa. Na ƙulle shi a bakin zanen matar nan ta mota.

Muka koma ɗakin gadi. Ya ɗauki baƙar wayar, ya dube ni. "Yanzu in sa?"

Na ce ya sa.

Ƙananan fitilu suka farka a saman ramukan, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce rawaya na nufin wuta ta kai ga kyamara, kore mai ƙyaftawa na nufin hoto na dawowa. Na tsaya ina kallon ta farko, wadda aka manna wa takarda don a san ta ƙofa ce. Tana ƙyaftawa da sauri. Na san a can ofis an fara goge Baba. Na yi masa addu'a a wurin, kafin ma a kai mu kabarinsa da yamma.

An sallami Malam Ilu daga aiki a ranar. Gwaggo ta so ta koma ta yi faɗa, ya hana ta. Ya ce damina ta kusa, da ma gonarsa na jiransa a Tsauni. Mota ɗaya muka shigo zuwa Kano. Ya yi barci tun daga Badun, kansa a jikin taga, ko a shinge da ƙyar ake tashinsa.

Da muka iso Matameye gidan ya cika da mata. Kowa ya kalla, aka yi ta kuka da salati. Sani ya sa yatsa a kan gemun ya ce Baba, wannan karon daidai. Inna ba ta kalla ba. Tana zaune a kan tabarmarta ta takaba, ta juya fuska bango, tana jan carbi. Ba za ta kalli mijinta a gaban mutane ba.

Washegari da hantsi, da gida ya yi shiru, na kai mata salular na kunna na ajiye a gabanta. Na fita, amma ban yi nisa ba. Ta gefen labule na ga ta ɗauka da hannu biyu. Ta kalli shara, da motar, da kyanwa. Da fuskar ta taso, wani abu ya ɗiga a kan gilashin salular. Baba ya hura iska, ya sa hannun rigarsa yana gogewa daga ciki. Inna ta kama bakin mayafinta tana gogewa daga waje.

Na saki labulen, na tafi na ɗora ruwan fura.